Ɗakin Tsinken Sakace

Litinin, 5 ga Mayu

Halimatu maƙwabciyata, don girman Allah ajiye ɗinkin nan ki saurare ni yanzu, kafin yarinyar nan ta taso daga makaranta. Ɗauko takarda. Ranar wata ke kika sani, ki sa. Yadda na faɗa za ki rubuta, kar ki gyara mini baki.

Ni ce Zinariya, matar marigayi Malam, daga Unguwar Jaji can bayan Kafin Hausa. Ruwan bara ya cinye mini ɗaki, autana Sagiru ya ɗauko ni ya kawo ni gidansa nan Limawa cikin birni, wai na ɗan lokaci. Shi kullum yana kan hanya da babbar mota. Matarsa Rukayya tun safe ta tafi aiki sakatariya. 'Yarsu Zulfa tana makaranta. Daga ni sai katanga.

Ɗazu ina shara na zura tsintsiya ƙarƙashin gadon Zulfa, na ji ta taɓa abu. Na jawo. Kwali ne, a kansa an gina ɗan ɗaki da tsinken sakace, irin na kanti. An barbaɗa ƙasa a ciki. A tsakiya an tsayar da tsinke guda, an ɗaura masa ƙyalle. Halimatu, ƙyallen zanena ne, shuɗin nan da na zo da shi daga gida. Na je na duba, ga inda aka yanka a gefe. Kuma kwanaki na ga yarinyar tana ɗibar ƙasa a bakin ƙofata da gwangwani, daidai inda nake taka ƙafa.

Ɗakin ba shi da ƙofa. Ta ko'ina a toshe.

Ban yi boko ba, amma na san kafi in na gan shi. An kafe ni ne don kar in koma gida. Yarinya ba za ta san wannan ba, aiken ta aka yi. Uwarta ce kullum take cewa, Iya ina za ki koma, ɗakin ma babu. Ga damina na tafe, gonata na jira, ƙawata Huseina tana riƙe mini tunkiya da irin gero.

Dariya kike? Wai ƙila wasan makaranta ne. To rubuta har da dariyar taki. In wani abu ya same ni, a san na faɗa.

Talata, 6 ga Mayu

Na mayar da shi inda yake. Ban ci tuwon Rukayya ba, na ce cikina ne. Ta kawo mini magani, na sa ƙarƙashin tabarma.

Alhamis, 8 ga Mayu

Halimatu ce dai ke rubutawa.

Yau na gwada. Bayan duk sun fita na yafa mayafi, na ce bari in ga ko zan iya kai kaina tasha. Na kai bakin titi. 'Yan acaɓa sai danna oda suke, wani ya ce Hajiya ina zuwa, na buɗe baki na rasa sunan tashar da ake hawa motar garinmu. Ƙafata ta yi nauyi kamar an ɗaura mata turmi. Na daɗe a tsaye. Mutane ta gabana ta bayana, ba wanda ya ce Zinariya ina kwana. A garinmu daga ɗakina zuwa rijiya sai bakina ya gaji da amsa gaisuwa.

Na juyo gida. Kin gani ko? Abin ya kama.

Halimatu ta ce tsoron mota ne kawai. Na ce gobe zan jefa shi a murhu. Ta riƙe hannuna ta ce kafin in ƙona, in kai wa Maman Nanret, mai gidan can mai jan ƙyaure, tunda a makarantar su Zulfa take koyarwa. Na ce matar da ban taɓa shiga gidanta ba, kuma ba addininmu ɗaya ba, me ta sani a kan kafi? Ta ce in dai je.

Lahadi, 11 ga Mayu

Wannan Malama Dorcas ce ke rubutawa, ita ce Maman Nanret. Ni na roƙe ta, tunda ita ta ga fuskata.

Na jira ta dawo daga coci, na naɗe abin a mayafi na shiga da sallama. Ta shimfiɗa mini tabarma ta ba ni ruwa. Ban sha ba. Ina ɗaga ido sai na ga saman kabad ɗinta cike da su. Ga gada, ga masallaci da hasumiya, ga coci, ga wata mota ba taya. Duk tsinke. Na ce a raina ashe nan ne matattarar, mutum nawa aka kafe a unguwar nan.

Na buɗe mayafi. Ta dube shi ta ce, a'a, aikin Zulfa ne, yaya aka yi ya fito? Ta ce ita ke koya musu zane da aikin hannu, duk Laraba. Wannan zangon ta ce kowa ya gina wurin da wani na gidansu yake kewa. Wani ya ɗauki kasuwar Ringim don babansa. Zulfa ta ce ɗakin kakarta za ta yi, wanda ruwa ya ci. Ita Malama ce ta ce su nemo ƙasa da ƙyalle daga gida don abin ya yi kama da na gaske.

Na ce to ƙofa fa? Me ya sa aka toshe ni a ciki?

Ta ce, "Mama, ta ce ba ta san inda ƙofar take kallo ba. Na ce ta tambaye ki. Ta ce duk ranar da aka ambaci ƙauye sai kin juya bango kin daina magana, ita kuma ba ta son hakan."

Na sha ruwan.

Ban ce na yarda duka ba, Malama, ki rubuta haka. Amma na fasa ƙonawa.

Litinin, 12 ga Mayu

Zulfa ce da biro. Rubuta abin da na ce, ban da naki.

Tun jiya take kumbure-kumbure, wai na tona mata asiri, so ta yi sai ta gama ta nuna mini. Wai tsohuwa ba ta da aiki sai leƙen ƙarƙashin gadon mutane. Na ce wanda ya yanka wa mutum zane ba izini ba shi da bakin magana. Ta ce zanen da ya girmi babanta. Na ce shi ya sa ya fi ki daraja.

Na faɗa mata ƙofa yamma take kallo. Wa zai sa ƙofa gabas, hadari ya taso ya watso masa ruwa har gado? Malam da kansa ya auna ta. Duk da haka ruwan da ya ci mu ba ta ƙofa ya zo ba, ta ƙasa ya ɓullo, bango ya zauna kamar an jiƙa fura.

Ta ɗauko reza ta yanke tsinkayen gefen yamma a hankali. Ina kallo ƙofa ta buɗe. 

Na ci tuwo yau.

Laraba, 14 ga Mayu

Malama ce ke rubutawa, a tsakar gidanta.

Ita ta ce in zo aji in gani da idona, ta nemar mini izini wurin shugaban makaranta. Tunda aka haife ni ban taɓa shiga aji ba. Aka sa ni a bencin baya kusa da taga. Yara suka miƙe suka gaishe ni baki ɗaya, har na tsorata. Wani mai kunnuwa, Izzuddeen, ya ce Kaka ta zo jarrabawa, a ba ta biro. Zulfa ta yi kamar ba ta san ni ba.

Malama ta shimfiɗa leda a kan tebur ta ɗauki tsinke uku ta haɗa bakinsu. Ta ce duk gini daga nan yake farawa, don mai kusurwa uku ba ya karkacewa. Ta haɗa huɗu ta tura da yatsa, ya kwanta. Ta gicciya masa guda a tsakiya, ya tsaya. Ta ce bango a kwance ake gina shi a kan leda, sai ya bushe a ɗaga. Gam kuma ɗan ɗigo, kamar kan allura, da bakin wani tsinken ake ɗiba. Wanda ya malala gam, aikinsa zai yi ta zamewa. Ta bi benci-benci tana dubawa. Wani ta riƙe masa hannu, wata ta ce rushe ki sake, yarinyar ta ɓata rai amma ta rushe.

Ta zo kaina ta zube mini tsinke da murfin kwalba da gam a ciki. Na ce ni kallo na zo. Ta ce ajinta ba 'yan kallo.

Da Sagiru yana ƙarami na yi masa motar kara ba iyaka. Ka fere bayan kara ka soka a totuwa, nan take ta tsaya, yaro ya ja abarsa. Na ɗauka haka ne. Wannan kuwa ba sokawa, sai jingina da jira. Na haɗa ukun da ƙyar, na ɗaga in gani, suka watse, guda ya manne mini a yatsa. Aji ya fashe da dariya.

Malama ta ce, "Mama, kin taɓa shi da wuri. Ki bari gam ya bushe."

Rabon da wani ya yi mini faɗa tun Malam na da rai. Kowa lallaɓa ni yake kamar ƙwai. Kar ki rubuta cewa na ji daɗi. To, kin riga kin rubuta.

Asabar, 17 ga Mayu

Laraba tana da nisa.

Talata, 20 ga Mayu

Halimatu.

Ta kira mini Huseina a wayarta, ta hannun jikanta. Muryarta can ƙasa kamar daga rijiya. Ta ce tunkiya ta haihu, ɗan rago fari mai baƙin kunne. Ta ce Ni'imatullahi mai ƙosai ta rasu watan jiya, ba wanda ya gaya mini. Ta ce tsaranmu sun ƙare, daga ni sai ke, in na zauna a gindin tsamiya da yamma ba mai ce mini kin tuna. Ta ce yaushe za ki dawo? Na ce bayan Sallah in Allah ya yarda, kafin ruwan shuka. Ta ce kin yi alkawari? Na ce na yi.

Da aka kashe wayar gidan ya yi tsit. Na zauna da tsinkayena. Malama ta ba ni aikin gida, wai in yi ta haɗa uku-uku har hannuna ya saba. Na jera su a kan leda a rana, ina gadi kar kajin maƙwabta su taka. Da su na yini. Har magana na yi musu, Allah ya sa ba wanda ya ji.

Laraba, 21 ga Mayu

Guda ya tsaya. Na ɗaga bai watse ba. Malama ta nuna wa aji, Izzuddeen ya ce Kaka ta ci jarrabawa a ba ta alewa.

Na ce wa Zulfa ɗaki ba rumbu ba gida ba ne. Ta ce ita ta gaji, yatsunta duk gam. Malama ta ce to rumbu aikina ne, in na gama a haɗa da na Zulfa a kwali ɗaya. Za a yi nunin ayyukan bayan Sallah, iyaye su zo su gani.

Lahadi, 25 ga Mayu

Zulfa, rubuta a hankali.

Na zo in nuna inda rumbu zai zauna, sai na rasa. Dama da ɗaki yake ko hagu? Wurin da na yi aure, na haihu, na tsufa. Na rufe ido na ga tsamiya, na ga turke, rumbu ya ƙi zama wuri ɗaya.  Ba kafi nake tsoro ba yanzu. Ina tsoron in koma in tarar ba a ƙasa kaɗai ruwa ya share gidan ba.

Zulfa ta ce in sa duk inda na ga dama, wa zai sani. Na ce ni zan sani.

Ina sallar la'asar ya faɗo mini, Allah ya yafe. Hagu ne. In na fito da ƙwarya, da hannun dama nake tura ƙyaure, in juya hagu.

Juma'a, 30 ga Mayu

Halimatu, ke na san bakinki ne ya kai maganar, amma rubuta.

Rukayya ta ji abin da na zarge ta da shi. Kwana biyu gaisuwa kawai, ta ajiye abinci ta fita. Ni ma na rasa ta inda zan fara. Yau da ta dawo daga aiki ta durƙusa ta ajiye 'yar robar tsinke sabuwa a gefen tabarmata. Ta miƙe za ta tafi, sai ta tsaya a ƙofa, ba ta juyo ba.

Ta ce, "Iya, wallahi da ina da abin da zan kafe ki da shi, da na yi. Ba don tsaron gida ba. Tunda Innata ta rasu ban ƙara dawowa na tarar da babba a gida ba sai da kika zo."

Ta shige madafa. Na ji tana ta wanke tukunyar da na riga na wanke.

Na jawo robar kusa da ni. 

Asabar, 7 ga Yuni

Zulfa ce, hannunta duk maiƙon nama.

Sagiru ya zo Sallah. Bayan an gama rabon nama ya zauna kusa da ni ya ce albishir. 'Yan'uwan babansa sun tayar mini da ɗaki guda, na bulo, da rufin kwano. Ya ce in shirya, Litinin zai kai ni kafin ya koma hanya, tunda na dame shi.

Na yi hamdala. Na yi ta sa masa albarka. Na ɗaure ƙunshina tun yau.

Na tambaye shi ƙofar ina take kallo. Ya ce Iya wa ya lura da wannan.

Zulfa ta ce to sai a cire tsinken mai zane daga ɗakin, tunda mai shi za ta tafi. Na ce ki rubuta abin da aka sa ki.

Litinin, 9 ga Yuni

Ban tafi ba. Jinkar rumbu ba ta gamu ba, jiya na haɗa, in aka motsa yanzu za ta watse. Na ce wa Sagiru gam bai bushe ba. Ya dube ni, ya dubi matarsa, ya ce sai wani zuwan ke nan. Ƙunshina yana nan a ɗaure.

Alhamis, 12 ga Yuni

Halimatu.

An yi ruwa da hantsi, mai yawa. Ƙanshin ƙasa ya shigo har ɗaki. Can gida yanzu kowa ya fita da sungumi, mata na bin baya da ƙwaryar iri. Na tsaya a bakin ƙofa hannuna yana ƙaiƙayi. Sai na tuna na bar rumbu a tsakar gida yana shan iska, na fita da gudu, ni da ban yi gudu ba tun bara. Na same shi, ɗigo kaɗan ya taɓa.

Huseina ta sa an kira. Na ce ki ce ina banɗaki. Allah ya yafe mana ni da ke.

Laraba, 18 ga Yuni

Rukayya, zauna. Yau ke za ki rubuta. Ki bar girkin, ba zai ƙone ba.

An yi nunin. An jera tebura a ƙarƙashin bishiya, kowane aiki da takardar suna a gabansa. Malama ta karanta mini tamu, sunan Zulfa da nawa. Ban taɓa sanin yadda sunana yake a rubuce ba, ashe gajere ne. Kasuwar Ringim ce ta zo ta ɗaya, kuma ta cancanta, har da rumfuna. Mu ba mu ci komai ba. Zulfa ta ce rumbuna ne ya karkace ya ja mana. Na ce na gaske ma haka yake a karkace, ki tambayi ubanki.

Wata mata, kakar wani yaro, ta daɗe a gaban namu. Ta ce irin ɗakinsu ne sak a Jahun. Ta tambayi sunana. Da za ta tafi ta ce, sai wani jiƙon, Zinariya. A garin nan aka kira sunana.

Tsinken mai zane kuwa, kin ga ana ɗaukar kwalin sai ya yi ta faɗuwa. Shi ya sa da safe na ɗiga masa gam a ƙafa. Ɗan kaɗan, kamar kan allura. Ba wani abu ba ne, faɗuwar ce ba kyau a gaban mutane. Ƙofar ai a buɗe take, kowa ya gani.

Me kike kallona? Rubuta.

Malama ta ce mako mai zuwa gada za a fara, kowane benci guda, kuma bencin baya ba wanda ya kai ni haɗa uku-uku. Ba zan bar yara da rabin aiki ba. Ba zama na yi ba. In an gama gada sai a ga abin da Allah zai yi. Ƙunshin nan ki kwance ki ciro mini zanen shuɗin kawai, sauran ki bari. Ko dai ki zuba su a akwati, kar su yi warin ɗauri.

Gonar ce ba za ta jira ni ba, ƙasa ta riga ta sha. Irin geron da ke hannun Huseina ta shuka, gonar bana tata ce. Ɗan ragon ma ta riƙe. In Sagiru ya dawo ya kai ni in kwana biyu a wurinta, mu zauna gindin tsamiya, ranar Talata ya dawo da ni.

Kar ki kira Sagiru tukuna. Kar ki faɗa wa Malama, kar Zulfa ta ji ta yi mini dariya. Na yi wa mutum alkawari, kuma tana can tana duban hanya. Ɗauko wayarki. In muryata ta ƙi fita, ke ki ƙarasa.

Huseina za a fara gaya wa.